Rawar Bale a Kan Rayuwar Karabajo: Tambayoyi da Amsoshi

A watan Disamba na 2008 aka fara nuna wani wasan rawa a birnin Balin na ƙasar Jamus, wanda aka gina a kan rayuwar mai zanen nan ɗan Italiya, Karabajo. Tun daga lokacin ake ta maimaita shi. Na kalle shi a faifan bidiyo fiye da sau ɗaya, kuma duk wanda na ba labarinsa sai ya yi mini kusan tambayoyi iri ɗaya. Ga su nan da amsoshinsu.

Wace irin rawa ce bale?

Rawa ce ta dandamali da ake koyo tun ana ƙanana, mai tsauraran ƙa'idoji a kan yadda ake ajiye ƙafa, yadda ake ɗaga hannu da yadda ake tsalle. Ba a magana a cikinta. Jiki da kiɗa ne ke ɗauke da duk abin da ake son faɗa. Ta samo asali ne a fadojin sarakunan Italiya a ƙarni na 15, sannan ta tsallaka Faransa, inda Sarki Luwi na 14 ya kafa mata makaranta a 1661. Tsayuwar da mata ke yi a kan tsinin yatsun ƙafa, wadda yawancin mutane suka san bale da ita, daga baya ta zo, a ƙarni na 19.

Wane ne Karabajo?

Sunansa na yanka Michelangelo Merisi. An haife shi a Milan ranar 29 ga Satumba, 1571. Karabajo sunan garin iyayensa ne, wani ƙaramin gari a gabas da Milan, kuma da shi aka san shi, kamar yadda a wajenmu sunan gari kan bi mutum har ya danne nasa. Italiyawa suna rubuta shi Caravaggio, kuma da wannan rubutun za ka same shi a intanet. Kada a haɗa shi da ɗaya Michelangelo ɗin, mai sassaƙa, wanda ya rasu a 1564, shekara bakwai kafin a haifi wannan.

Yana ɗan shekara shida annoba ta ɗauke mahaifinsa da kakansa. A 1584 aka kai shi koyon sana'a wajen wani mai zane a Milan, Simone Peterzano, a kan yarjejeniyar shekara huɗu. Wajen 1592 ya sauka birnin Rum ba shi da ko sisi. Ya yi zaman yaron shago a wurin wani fitaccen mai zane, Giuseppe Cesari, inda aikinsa bai wuce zana furanni da 'ya'yan itatuwa ba. Ƙofar arzikinsa ta buɗe ne da wani babban limamin coci, Kadinal del Monte, ya ga aikinsa ya ɗauke shi ya ba shi masauki a gidansa. A 1599 ya samu kwangilar yin manyan zane biyu a cocin Faransawa da ke Rum, San Luigi dei Francesi. Da aka buɗe su a 1600, sai gari ya ɗauka.

Daga wannan shekara zuwa mutuwarsa shekara goma ce kacal.

Me ya raba zanensa da na sauran?

Abu biyu: haske, da mutanen da yake zanawa.

Kafin shi, masu zanen coci sun saba cika hoto da haske ko'ina, sama shuɗiya, fuskoki sumul kamar ba su taɓa shan rana ba. Karabajo sai ya rufe taga. Bayan hotonsa baƙi ƙirin ne, haske kuma daga gefe guda yake faɗowa, ya sauka a kan kafaɗa ko goshi ko tafin hannu, ya bar saura a duhu. Wanda ya tashi a gidan da ake kunna aci-bal-bal ya san wannan hasken. Ina tuna mahaifiyata tana tsince shinkafa da dare, rabin fuskarta ja, rabi babu, inuwar hannunta a bango ta ninka hannun girma. Da na fara ganin zanen Karabajo, abin da ya faɗo mini ke nan. Italiyawa suna ce wa wannan salo kiyaroskuro, wato haske da duhu, kuma shi ne ɗaya daga ginshiƙan zamanin zane da ake kira Barok, wanda ya mamaye Turai a ƙarni na 17.

Dubi zanensa na kiran Matiyu mai karɓar haraji, wato lokacin da Annabi Isa ya kira shi ya zama almajirinsa. Mutum biyar ne zaune a kan teburi a wani ɗaki mai kama da ɗakin caca, sanye da kayan 'yan birnin Rum na lokacin. Wani saurayi a ƙarshen teburin ya sunkuyar da kai yana ƙirga tsabar kuɗi, bai ma san an shigo ba. Daga dama wani hannu ya miƙo yana nuni, kuma haske ya biyo bayan hannun ya tsaga ɗakin a karkace. Wani mai gemu ya ɗaga yatsa kamar yana cewa, ni? Duk abin daƙiƙa ɗaya ce aka tsayar.

Mutanen kuwa, daga titi yake ɗauko su. 'Yan dako, 'yan caca, tsofaffi masu tamoji a goshi, har da mata masu zaman kansu. A wani zane da ke cocin Sant'Agostino, matafiya biyu sun durƙusa a gaban Maryamu, kuma abin da ya fi kusa da idon mai kallo shi ne tafin ƙafar namijin, duk datti da kaushi. Talakawan Rum sun ga kansu a jikin bangon coci. Wasu limamai kuma suka ga raini. Zanensa na rasuwar Maryamu, waɗanda suka ba da kwangilar sun ƙi karɓa, domin ya zana ta a matsayin gawa ta gaske, ƙafafu a waje, jiki ya kumbura.

Da gaske ne ya kashe mutum?

Da gaske ne. A ƙarshen watan Mayu na 1606, a unguwar Campo Marzio, kusa da filin da ake buga wani wasa mai kama da tanis, faɗa ya kaure tsakanin ɓangarensa da na wani saurayi mai suna Ranuccio Tomassoni. Karabajo ya soke shi da takobi a cinya, jini ya ƙare masa ya mutu. Shi ma ya ji rauni. Aka yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa, irin hukuncin da ya halatta wa duk wanda ya gan shi a ƙasar Paparoma ya kashe shi.

Ba ranar ya fara ba. Takardun 'yan doka da na kotun Rum cike suke da sunansa. A 1603 wani mai zane, Giovanni Baglione, ya kai shi ƙara a kan waƙoƙin zambo da aka yi masa. A 1604, a wani gidan abinci, an kawo masa wani kayan lambu da Italiyawa ke kira karcofi, guda takwas, huɗu da man shanu huɗu da man zaitun. Ya tambayi yaron gidan wanne ne wanne, yaron ya ce ya sansana ya ji, sai ya kwaɗa masa farantin a fuska. A 1605 ya sari wani ma'aikacin shari'a a kai. A shekarar ce kuma mai gidan da yake haya ta kai ƙararsa a kan bashin haya da kuma rufin ɗaki da ya lalata, shi kuma ya je ya jefi tagarta da duwatsu. An kama shi ba sau ɗaya ba da takobi ba tare da izini ba. Kullum manyan da ke son zanensa ne ke fitar da shi, har ranar da abin ya fi ƙarfin a rufe.

Ina ya nufa bayan ya gudu?

Wannan shekara huɗun ita ce zuciyar labarin. Ya fara ɓuya a gidajen gonar zuriyar Colonna a wajen Rum, sannan ya wuce Nafoli, wadda a lokacin take hannun Sifaniya, inda hukuncin Paparoma ba ya kai. A can ya yi wani babban zane na ayyukan jinƙai bakwai, ya cusa su duka a lungu ɗaya na dare: mai ciyarwa, mai tufatarwa, masu ɗaukar gawa.

A 1607 ya tsallaka tsibirin Malta, wurin mayaƙan ƙungiyar Yohanna. Shugabansu, Alof de Wignacourt, ya karɓe shi hannu biyu, kuma a Yulin 1608 aka naɗa shi ɗaya daga cikinsu. A nan ya yi zanensa mafi girma, na fille kan Yohanna Mai Baftisma, wato Annabi Yahaya, mai faɗin sama da mita 5. Shi kaɗai ne zanen da ya sa wa hannu a duk rayuwarsa, kuma da jan launin jinin da ke kwarara daga wuyan wanda aka yanka ya rubuta sunan nasa.

Naɗin bai yi wata biyu ba ya sake shiga wani faɗa, aka ji wa wani babban mayaƙi rauni. Aka kulle shi a kurkukun Sant'Angelo, ya tsere a watan Oktoba, a Disamba kuma ƙungiyar ta kore shi, ta kira shi ruɓaɓɓiyar gaɓa. Ya bi garuruwan tsibirin Sisili yana zane yana waiwaye: Sirakusa, Mesina, Palermo. Ya koma Nafoli a 1609, inda wasu mutane suka tare shi a ƙofar wani masauki suka sassare masa fuska, har labari ya kai Rum cewa ya mutu.

A zanensa na Dauda riƙe da kan Jaluta, fuskar da ya sa wa yankakken kan tasa ce. Baki a buɗe, ido ɗaya ya riga ya mutu, ɗayan kamar yana kallo. Yaron da ke riƙe da kan kuma ba murna a fuskarsa, sai wani abu mai kama da tausayi.

A tsakiyar 1610 ya ji ƙishin-ƙishin afuwa daga Paparoma Bulus na 5. Ya hau ƙaramin jirgin ruwa da zane-zanen da zai kai wa ɗan 'yar'uwar Paparoman, Kadinal Scipione Borghese. A tashar Palo aka tsare shi, jirgin ya wuce da kayansa. Da aka sake shi ya bi sawu zuwa Porto Ercole, a can zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya rasu ranar 18 ga Yuli, 1610, yana da shekara 38.

Wa ya shirya wasan rawar?

Mauro Bigonzetti, haifaffen Rum a 1960. A makarantar rawa ta gidan wasan Rum ya yi karatu, ya daɗe yana rawa a ƙungiyar Aterballetto da ke Reggio Emilia, daga baya ya shugabance ta na kimanin shekara goma tun daga 1997. Ya tashi a garin da zanen Karabajo ke rataye a coci-coci, inda kowa zai iya shiga ya gani ba tare da ya biya ko kwabo ba.

Ya shirya wasan ne don ƙungiyar bale ta Balin, Staatsballett Berlin, wadda aka kafa a 2004 ta hanyar haɗe ƙungiyoyin rawa na gidajen wasa uku na birnin. Shugabanta na lokacin, Vladimir Malakhov, haifaffen Yukiren, shi ya fito a matsayin Karabajo, yana da shekara 40. Babbar abokiyar rawarsa ita ce Polina Semionova, 'yar Mosko. Carlo Cerri ne ya tsara haske da dandamali, kuma a wannan wasa aikinsa bai gaza na mai shirya rawar ba.

Labarin rayuwar tasa ake bi daki-daki?

A'a, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Wanda ya zauna yana jiran ya ga an haife shi, an kai shi koyo, ya jefi yaro da faranti, ya hau jirgi, zai tashi da takaici. Wasan kashi biyu ne. Na farko ya fi karkata ga duniyar da ke kewaye da shi, titunan Rum da hayaniyarsu, taron samari da 'yan mata, wasa da tsokana. Na biyu ya shige cikin mutumin. Taron ya ragu, duhu ya ƙaru, rawar ta koma ta mutum ɗaya, ko biyu, ko uku. A bayan dandamalin akwai wani ƙaton firam na hoto, wanda ke tuna wa mai kallo cewa duk abin da yake gani daga idon mai zane ya fito.

Shawarata ita ce ka san tarihin kafin ka kalla. Shi ya sa na tsaya a kansa a sama.

To yaya ake mayar da zane ya zama rawa? Zane a tsaye yake, rawa kuma motsi ce.

Wannan ce tambayar da na fi so, don a nan wasan ya ci sunansa.

Zanen Karabajo ba a tsaye yake ba kamar yadda ake zato. Kullum yana kama mutum ne a tsakiyar motsi: Bulus, ɗaya daga jagororin Kiristanci na farko, ya faɗo daga kan doki hannuwa a sama, ma'aikata uku suna nishin ɗaga gicciyen Bitrus almajirin Annabi Isa, Li'azaru, wanda Annabi Isa ya tayar daga mutuwa, ana ciro shi daga kabari hannu ɗaya ya miƙe yana neman haske. Abin da Bigonzetti ya yi shi ne ya tambayi kansa me ya faru daƙiƙa ɗaya kafin nan, da daƙiƙa ɗaya bayan nan. Sai ka ga 'yan rawa sun murɗe, sun sarƙe, sun tsaya cak a wani yanayi da ka taɓa gani a hoto, kafin ka gama gane shi sun warware sun wuce.

Ranar da na fara kallo an ɗauke wuta, ɗakin ba komai sai hasken kwamfuta. Akwai inda Malakhov ke shi kaɗai a dandamali, haske na sauka a kansa, kewayensa baƙi. Ana iya ƙirga haƙarƙarinsa yana numfashi. Ya miƙa hannu, yatsun suka shiga duhu suka ɓace, ya janyo su suka dawo. Ban san lokacin da na matso da fuskata kusa da allon ba. A bale na gargajiya ana so mai rawa ya ɓoye wahala, ya nuna kamar ba shi da nauyi. A nan nauyin ake nunawa. Idan namiji ya ɗaga mace, za ka ga jijiyar wuyansa ta tashi, ka ga inda yatsunsa suka nutse a cinyarta. Ana jan jiki a ƙasa, ana tanƙwara ƙafa, ana riƙe wuya. Mai zanen da ya ƙi ɓoye kaushin ƙafa ya samu mai rawar da ya ƙi ɓoye gumi.

Wane kiɗa ake amfani da shi?

Bruno Moretti, wanda ya daɗe yana aiki da Bigonzetti, shi ya tsara kiɗan, amma a kan waƙoƙin Claudio Monteverdi ya gina shi, ya faɗaɗa su don babbar ƙungiyar makaɗa. Zaɓin ya dace. An haifi Monteverdi a 1567 a Kiremona, a yanki ɗaya da Karabajo, shekara huɗu tsakaninsu. Abin da ɗaya ya yi da fenti, ɗayan ya yi da murya: ya sa kiɗa ya yi kuka da fushi irin na ɗan Adam. Akwai ma inda hanyarsu ta gitta. A 1607, shekarar da Monteverdi ya gabatar da shahararren wasansa na waƙa a fadar Mantuwa, a shekarar ce ubangidansa, Vincenzo Gonzaga, ya sayi zanen rasuwar Maryamu da limaman Rum suka ƙi, bisa shawarar mai zane Rubens.

Me ya sa aka fara a Jamus, ba Italiya ba?

Domin ƙungiyar Balin ce ta nemi a yi mata. Amma birnin ba baƙo ba ne ga Karabajo. Ɗaya daga sanannun zanensa yana gidan adana hotuna na Gemäldegalerie, kuma wasu guda uku sun salwanta a Balin a 1945, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ciki har da zanensa na farko na Matiyu da mala'ika. Hoton baƙi da fari kawai ya rage na wannan.

A Italiya, fitaccen ɗan rawar gidan wasan La Scala, Roberto Bolle, ya yi shekaru yana nuna wani yanki na wasan, rawar mutum biyu, a bukukuwan da yake shiryawa. A 2025 ya fito a cikakken wasan a Fulorens da Milan.

Akwai abin da ya kamata in sani kafin in kalla?

Akwai biyu, kuma gara in faɗa a fili. Na ɗaya, tufafin 'yan rawar kaɗan ne ƙwarai. Maza galibi ɗan gajeren wando ne kawai a jikinsu, matan kuma kaya ne masu kama jiki, sannan ana rungumar juna da ɗaukar juna sosai. Ba abin kunnawa a tsakar gida gaban yara da surukai ba ne. Na biyu, yawancin zanen Karabajo na coci ne, suna nuna surar Annabi Isa, da Maryamu, da Annabi Yahaya, da Annabi Ibrahim, da Annabi Dauda. Musulmi da yawa ba sa kallon irin wannan, kuma ina girmama hakan. Kowa ya san inda iyakarsa take.

Wasan bai wanke mai kisan kai ba kuwa?

Wannan ya daɗe yana damuna. 'Yan rawar Balin kyawawa ne, jikinsu a goge, ko faɗuwa suka yi da kyau suke faɗuwa. Idan ka kalli Malakhov yana murƙususu a cikin haske, tausayinsa za ka ji, kuma cikin sauƙi za ka manta cewa akwai wani matashi da ya zubar da jini har ya mutu, yana da mata da 'yar jaririya. Rawa ba ta kiran suna, saboda haka ba za ka ji sunan Tomassoni ba, balle na yaron gidan abincin ko matar da aka jefi tagarta. A ganina wannan rauni ne na gaske a wasan. Akwai wuraren da kyau ya yi yawa, har dattin da Karabajo ya dage sai ya nuna ya wanke.

Duk da haka ba zan ce wasan ya yi ƙarya ba. Bai nuna shi a matsayin gwarzo ba. Mutum ne da ba ya samun sukuni, wanda duk hannun da aka miƙa masa sai ya kama shi da ƙarfin da ya wuce kima. Shi kansa Karabajo bai wanke kansa ba. Mutumin da ya zana fuskarsa a kan da aka fille, ya rubuta sunansa da jini, ya san abin da ya aikata. Ni dai idan na zo kashi na biyu, da sunan Tomassoni a raina nake kallo.

A ina zan iya ganin wasan, da kuma zanen?

An ɗauki wasan na Balin a bidiyo tare da Malakhov da Semionova, kamfanin Arthaus Musik ya fitar da shi a faifai, kuma akwai gutsattsarinsa a YouTube. Rubuta sunan mai zanen da na Bigonzetti tare. Idan za ka kalla, kashe fitilar ɗaki.

Zanen kuwa sun warwatsu. Rasuwar Maryamu tana gidan tarihi na Louvre a Faris. Fille kan Yohanna yana nan inda aka rataye shi tun farko, a babban cocin Valletta a Malta. Dauda da Jaluta yana Galleria Borghese a Rum, tare da wasu guda biyar nasa. Wanda ya yi wa wani ɗakin ibada a Palermo, na haihuwar Annabi Isa, ɓarayi sun yanke shi daga firam ɗinsa a wani dare na Oktoban 1969, kuma har yau ba a same shi ba. Na Matiyu guda uku suna cocin San Luigi dei Francesi, a ɗan lungu na ƙarshe ta hannun hagu. Wurin da duhu. Akwai wani akwati a gefe da ake jefa tsabar kuɗi, fitila ta kama na ɗan lokaci, mutane su yi cirko-cirko suna kallo, sannan ta mutu, sai wani ya sake laluba aljihu.